Ƙwai, Ɓera da Dafin Maciji: Bitar Littafin Rita Levi-Montalcini

Littattafan da masana kimiyya ke rubutawa a kan rayuwarsu sukan zo a bushe, amma na Rita Levi-Montalcini ya fita daban. An buga shi da harshen Italiya a 1987, shekara guda bayan ta karɓi lambar yabo ta Nobel tare da Stanley Cohen, fassararsa ta Turanci kuma ta fito a 1988 da sunan In Praise of Imperfection. Na daɗe ina komawa gare shi, domin ban san littafin da ya fi shi nuna yadda aka gano cewa ƙwayoyin halittar jiki ba sa girma da ganin damarsu ba. Saƙo suke jira daga maƙwabtansu. In ya zo su rayu su miƙe, in ya yanke su mutu.

Inda alƙalaminta ya fi kaifi shi ne shekarun yaƙi. A 1938 gwamnatin Mussolini ta kafa dokokin da suka rufe wa Yahudawa irinta ƙofar jami'a, sai ta mayar da ɗakin kwananta a Turin wurin bincike. Ina son yadda take tsayawa a kan kayan aiki: allurar ɗinki da ta wasa ta zama aska, ɗan hantsakin masu gyaran agogo, ƙaramin almakashin likitan ido. Da ruwan bama-bamai ya kore ta da danginta zuwa ƙauye, takan hau keke ta bi gonaki tana neman ƙwan da zakara ya taka. Ba ta neman tausayin mai karatu a waɗannan shafuka. Aikin kawai take nuna masa, shi ya sa suke ratsa zuciya.

A wannan ɗaki ne ta sake gwajin da Viktor Hamburger ya wallafa a 1934. In aka cire tohon fiffike ko na ƙafa daga ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, ƙwayoyin jijiyar da ya kamata su shiga gaɓar sukan ragu ƙwarai. Hamburger ya ɗauka tun farko ne ba su samu ba. Ita da malaminta Giuseppe Levi suka bi su daki-daki a ƙarƙashin madubin bincike, suka ga suna samuwa lafiya lau, daga baya ne suke mutuwa saboda rashin wani abu da gaɓar ke ba su. Bambancin kamar ƙarami ne, amma a kansa aka gina komai, kuma ta bayyana shi yadda wanda bai taɓa shiga ajin kimiyya ba zai fahimta.

Hamburger ya gayyace ta Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, ta isa a 1947, ta yi kusan shekara 30 a can. Babin da na fi ƙauna shi ne na tafiyarta Rio de Janeiro a 1952 ɗauke da ɓeraye biyu masu ƙarin sankara a jikinsu. Ta ajiye gutsuren ƙarin kusa da ƙullin jijiyar ɗan tsako a kwanon gwaji, kafin kwana ya zagayo zaruruwan jijiya sun fito ta ko'ina sun yi wa ƙullin rawani. Ta kuma faɗi gaskiyar rawar da sa'a ta taka. Cohen ya ɗauko dafin maciji ne don ya tace sinadarin da ƙarin ke fitarwa, sai ga shi dafin ya fi ƙarin yawan abin da ake nema, wannan ya kai su ga gurbin yawun namijin ɓera. Haka aka samu furotin ɗin nan mai sa jijiya girma, wanda duniya ta sani da NGF.

Raunin littafin, a ganina, yana wajen mai karɓar saƙon. Laifin na lokaci ne fiye da na marubuciyar, domin sai a 1991 aka tabbatar cewa TrkA ne babban makarɓin NGF a fatar ƙwayar jijiya. Shi makarɓin tamkar mai tsaron zaure yake: baƙo a wurinsa yake fara tsayawa, shi ke isar da sallama cikin gida. Da NGF ya kama shi, sai makarɓa biyu su matso su haɗu, kowanne ya liƙa wa ɗan'uwansa sinadarin fosfet ta ɓangaren da ke ciki, saƙon ya kama hanya. Ƙwayar takan haɗiye makarɓin da abin da ya kama, ta tura su ta cikin doguwar jijiya har cibiyarta. Akwai kuma makarɓi na biyu, p75, wanda a wasu yanayi umarnin mutuwa yake bayarwa. Ta haka jiki ke daidaita girma: saƙon kaɗan ne, masu nema da yawa, kusan rabinsu kan faɗi a hanya. Idan irin wannan linzami ya tsinke, sankara kan biyo baya, kamar yadda ake gani a makarɓin HER2 na wasu nau'o'in sankarar mama, wanda aka amince da maganin Herceptin dominsa a 1998. Mai karatun yau zai ji ƙishin wannan rabin labari.

Na kuma so a ce ta ba Hamburger fili fiye da wanda ta ba shi. Tare suka wallafa aikin 1949 a kan mutuwar ƙwayoyin jijiya, kwamitin Nobel bai sa sunansa ba, kuma littafin bai auna gudummawarsa da mudun da ya cika ba.

Duk da haka, zan miƙa shi ga kowane ɗalibin likitanci, musamman 'yan mata masu jin cewa rashin kayan aiki ya ɗaure musu hannu. Su karanta shi don koyon naci da kaifin lura, sannan su nemi littafin darasi na zamani ya cika musu labarin makarɓa.