Gilashin Maɗaba'a da Sana'ar Hoton Akwati

Kafin wayar hannu ta mai da kowa mai hoto, mutumin karkara irin na Dogo-Dogo, a gundumar Dungas ta jihar Damagaram, ba ya zama gaban kyamara sai da ƙwaƙƙwaran dalili: katin ɗan ƙasa, takardar makaranta ko fasfon aikin hajji. A garuruwa da yawa na Afirka ta Yamma, mai biyan wannan bukata shi ne mai hoton akwati, wanda ke kafa kyamararsa ta katako a bakin kasuwa ko a ƙofar ofishin hukuma. Mutane sun ɗauki sana'ar tasa aikin rashin galihu. A ganina akwai ilimi a cikinta, kuma ilimin ya fi fitowa fili idan aka dube ta tare da wani gilashin kyamara da aka ƙera domin maɗaba'a.

Akwatin nan kyamara ne, kuma ɗakin wanke hoto ne. Mai hoto yakan sa takardar hoto a madadin fim, ya zaunar da mutum gaban ƙyalle, ya cire murfin gilashi, ya ƙirga daƙiƙu, ya mayar. Sai ya zura hannu ta hannun rigar da aka ɗinke a jikin akwatin, ya tsoma takardar a ruwan magani. Abin da ke fitowa dodon hoto ne: fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Sai ya manna dodon a wani ɗan allo dab da gilashi, ya sake ɗaukarsa, hoton gaskiya ya fito. Ashe aiki biyu yake yi da ido ɗaya: ɗaukar mutum daga nesa, da kwafar takarda daga kusa.

Wannan aiki na biyu shi ne ainihin aikin maɗaba'a. A zamanin da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, cikin 1945, har zuwa shigowar kwamfuta, hoto ba ya hawa shafin jarida sai wata ƙatuwar kyamara ta kwafe shi kafin a yi farantin bugu. Gilasan da aka ƙera mata sun yi suna: Apo-Ronar na kamfanin Rodenstock da G-Claron na Schneider, duka daga Jamus, da Apo-Nikkor daga Japan, da Artar na Goerz. An tsara su ne don abu shimfiɗaɗɗe ya fito daidai girmansa, layi ya tsaya a miƙe har gefe, launuka kuma su faɗa wuri guda ba tare da jirwaye ba. Rabin gaba da rabin baya na irin wannan gilashi kusan tagwaye ne, shi ya sa kuskuren ɗaya ke soke na ɗayan. Da maɗaba'u suka koma kwamfuta a shekarun 1990, gilasan suka zube a kasuwa da araha, masu manyan kyamarori a Turai da Amurka suka kwashe su suna ɗaukar gine-gine da tsaunuka.

Masu suka suna kawo hujja uku, kuma duk gaskiya ce. Ta farko, gilashin bai da yalwar haske: mafi yawa ƙofarsa ba ta wuce f/9, hasken da ke shiga bai kai rabin na gilashi mai f/5.6 ba, kuma don ɗaukar abu mai nisa sai an tsuke ta zuwa wajen f/22 kafin gefen hoto ya yi kaifi. Ta biyu, galibi ba ya zuwa da ƙyauren da ke buɗewa ya rufe da kansa. Ta uku, faɗin da'irar hoton da yake bayarwa ga abu mai nisa rabi ne na wanda yake bayarwa a kwafi, don haka mai saye ya auna takardarsa tukuna. Ga kuma batun jikin kyamara mai naɗi irin zugazugin maƙeri: a wajen kwafi sai an ja shi ninki biyu na yadda ake jansa wajen ɗaukar abu mai nisa, a kuma ninka lokacin ɗauka sau huɗu.

To amma a aikin mai hoton akwati, biyun farko ba aibi ba ne. Rana a Sahel ta wadata. Takardar hoto ba ta saurin kama haske, saboda haka murfi da ƙirga sun isa. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da kyamara mai ɗaukar santimita 13 da 18 ya yi hotunan da yau ake rataye su a manyan gidajen tarihi na duniya, kuma shi ma da cire murfi yake auna lokaci. Zaman shiru na daƙiƙu yana sa mutum ya gyara rawani, ya tattara hankali, natsuwarsa ta fito a hoto.

Duk da haka kada a yaudari kai. Wannan gilashi ba na hawan sallah ba ne, ba na kokawa ba ne. Ƙurar hunturu tana karce shi, zafin bazara yana lalata magani, takardar hoto kuma ba ta ganin jan launi, don haka takan ƙara wa fatarmu duhu sai an kula da haske sosai. Inda ya fi kowa shi ne abin da ba ya motsi: zanen bangon gidajen Birni a Damagaram, ƙofar fada, allon zayyana, rubutun ajami da gara ke ci, da tsofaffin hotunan iyaye da suka fara dusashewa. Ana ma iya haɗa shi da kyamarar zamani ta hanyar zugazugi, ya yi wannan kwafi.

Saboda haka ina kira ga masu maɗaba'u a Kano, Zariya, Maraɗi da Damagaram: duk wanda ke da tsohuwar kyamarar faranti a jibge, kada ya auna ta ga 'yan gwangwan kafin ya kwance gilashinta. Matasan da ke son hoto kuma su nemi dattawan da suka yi aikin akwati, su koyi ƙirga da haɗa magani a hannunsu tun suna raye.