Bomba Yaron Daji: Sharhi Kan Afirkar Da Aka Ƙera A Amurka

Gabatarwa

Tsakanin 1949 da 1955, kamfanin Monogram na Amurka, wanda ya koma Allied Artists a 1953, ya fitar da finafinai 12 game da wani yaro farar fata mai suna Bomba. Walter Mirisch ne ya fara shirya su, Ford Beebe ya ba da umarni, tauraron kuwa shi ne Johnny Sheffield, wanda ya fito a matsayin ɗan Tarzan tun 1939. Wannan sharhi zai duba yadda ƙarancin kuɗi ya shafi zubin finafinan da kuma surar da suka yi wa Afirka.

Jigo

Jigon kusan ɗaya ne a kullum. Baƙi Turawa su shigo daji neman hauren giwa ko zinariya ko namun daji, su faɗa cikin haɗari, Bomba ya cece su, ya hukunta makwaɗaita. A fili, saƙon yana da kyau, domin yana tsawata wa mai kashe dabba saboda riba. Sai dai mai daji da mai ceto duka Bature ne. A littattafan farko na jerin da aka ɗauko labarin, waɗanda suka fara fitowa a 1926, a Kudancin Amurka Bomba yake zaune. Sauƙin da aka samu wajen mayar da shi Afirka ya nuna cewa ƙasar ba ta dame su ba, daji kawai ake bukata.

Zubi da Tsari

A Kalifoniya aka ɗauki wasan, sannan aka cike gurbi da tsofaffin hotunan namun daji, musamman na fim ɗin Africa Speaks! na 1930. Ɗan wasa zai nuna da yatsa, sai a yanke a sa hoton zaki, hasken daban, ƙasar daban. Wannan facin riga ne da ƙyallen da bai dace ba, kuma ɗinkin a bayyane yake. Duk da haka, ba a rasa abin yabo ba: labarin ba ya jan ƙafa, kuma Beebe ya san yadda ake riƙe hankalin yara da abu kaɗan.

Harshe

Nan ne ɗalibin harshe ya kamata ya buɗe kunne. Yawancin ƴan Afirka a finafinan ƴan dako ne ko mayaƙa masu masu. Maganarsu guntun Ingilishi ce, da ƴan kalmomi irin su bwana ta Swahili. Babu gaisuwa mai tsawo, babu karin magana, babu habaici. Wanda aka hana shi cikakkiyar jimla, an hana shi nuna hankalinsa, mai kallo kuwa sai ya ɗauka hankalin ne babu.

Kammalawa

Irin waɗannan taurarin daji sun yi suna har a Afirka ta Yamma. A fim ɗin Jean Rouch, Moi, un noir na 1958, wanda Umaru Ganda ya fito a ciki, ɗaya daga cikin samarin laƙabinsa Tarzan. Saboda haka yana da amfani ɗalibi ya kalli Bomba, sannan ya kalli Cabascabo na Ganda, ya kwatanta wanda aka ba baki a kowanne, da abin da ya faɗa da aka ba shi.