Zabura a Bakin Mata: Tsokaci a kan Waƙoƙin Yabo a Majami'un Maiduguri

Manazarta sun daɗe da raba waƙar Hausa gida biyu, ta baka da rubutacciya, kowace da ma'auninta. Akwai kuwa wata waƙa da ake ji da Hausa ranar Lahadi a majami'un Maiduguri, wadda ba kasafai muke ɗora ta a kan ko ɗaya daga cikin ma'aunan nan ba. Wannan ita ce Zabura, wato waƙoƙi 150 da ke cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a shekarar 1932, Dokta Walter Miller na Wusasa yana cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar aikin. Abin lura ne cewa akasarin masu rera ta a wannan gari na Barebari ba Hausawa ba ne. Bura ne da Margi da Kilba da Kibaku, Hausa ce ta haɗa su a sujada.

Idan muka auna Zabura da mudun rubutacciyar waƙa, za mu yi mata rashin adalci. Ba ta da amsa-amo, ba ta hau karin aruli ba, ba ƙwar biyu ba ce balle ƙwar biyar. Kunnen da ya saba da Aƙilu Aliyu zai ce zube ne kawai aka yayyanka. To amma ko a Ibrananci ba a kan amsa-amo aka gina ta ba. Ginshiƙinta, kamar yadda Robert Lowth ya bayyana tun 1753, shi ne ɗango na biyu ya amsa wa na farko: ya maimaita ma'anarsa da wasu kalmomi, ko ya ƙara mata, ko ya saɓa mata. Ashe ba zubin jagora da 'yan amshi ke nan ba? Zabura ta 136 ma amshi ɗaya take maimaitawa har sau 26.

A ganinmu 'yan Zumuntar Mata sun riga malamai fahimtar haka. Waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi da yawansu a kan muryoyin Ingila da Amurka aka ɗora su, sai ka ji an ja gajeren wasali, an karya karin sautin kalma don ta shiga muryar baƙi. Su kuwa matan, da tulu da ganga da caki, sukan ɗauki aya ɗaya, jagora ta jefa, saura su cafe, Hausar ta zauna daram.

Sai dai akwai inda Zabura ta rabu da waƙar yabo irin tamu. Makaɗin fada ba ya tsayawa gaban sarki ya tambaye shi dalilin da ya sa ya yi shiru. Mawaƙin Zabura yana yi. Kusan sulusin littafin kuka ne da koke, alhali sunansa na Ibrananci yabo yake nufi. A iya abin da muka saurara, waƙoƙin murna irin su Zabura ta 100 da ta 150 sun fi yawo a bakin mawaƙa, na koke kuwa an bar su ga mai karatu a kan mumbari. Wannan giɓi ne babba a garin da aka ƙona majami'u a Fabrairun 2006 da Yulin 2009, kuma ga jama'ar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda akasarin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne. Zabura ta 74 makoki ce a kan wurin ibada da aka cinna wa wuta. Ta 88 kuwa ta ƙare a cikin duhu, ba tare da ko ɗango ɗaya na lallashi ba, kuma waɗanda suka tattara littafin ba su cire ta ba.