An Ba Maharbi Kaki, An Manta da Dajinsa

Tun daga shekarar 2014 aikin maharbi ya sauya a Arewacin Najeriya. A watan Mayun shekarar, bayan sace 'yan matan Chibok, ɗaruruwan maharba suka hallara a Maiduguri, wasu da adaka, wasu da kwari da baka, suna roƙon a ba su izini su shiga dajin Sambisa. A watan Nuwamba aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, kuma duk mutumin Adamawa ya san maharba da 'yan banga na cikin waɗanda suka yi wannan aiki tare da sojoji. A zamanin ne duniya ta san Aisha Bakari Gombi, wadda ta tashi a gidan farauta, ta koma jagorantar maza wajen bin sawun 'yan ta'adda. Daga Borno da Adamawa abin ya bazu zuwa yamma, inda ɓarayin daji suka mamaye dazuzzukan Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja. Yau ko'ina ka duba akwai ƙungiyar mafarauta mai kaki da kwamandoji da katin shaida.

Ban raina wannan sadaukarwa ba, kuma wanda ƙauyensa ya kwana lafiya saboda su ba zai yarda a raina ta ba. Da yawansu sun mutu a bakin daga, sun bar marayu. Abin da ke damuna daban ne. Muna ta cin moriyar wata sana'a alhali ita sana'ar tana mutuwa a gabanmu, kuma yadda muke ɗaukar kowa da kowa muna sa masa kaki da sunan mafarauci yana ƙara gaggauta mutuwarta.

Me ya sa ake sa maharbi gaba idan za a shiga daji? Bindigar soja ta fi tasa nesa ba kusa ba. Abin da yake da shi, wanda ba a koyarwa a bariki, shi ne sanin daji. Ya san inda ruwa ke kwantawa a tsakiyar rani. Idan ya duƙa kan sawu zai gaya maka na jiya ne ko na safiyar yau, mai shi yana ɗauke da kaya ko hannunsa sake. Idan tsuntsaye suka tashi a wani kurmi ya san abin da ya tashe su. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama sansanin Boko Haram, kuma dattawan nan sun shafe ƙuruciyarsu a cikinsa da kewayensa suna bin gada da barewa da gwanki. Abin da dabba ta koya musu shi suka juya kan mutum.

Wannan sani kuwa da wahala ake samunsa. Yaron gidan maharba ba a fara miƙa masa makami. Burgami zai fara ɗauka, da gorar ruwa, yana bin ubansa ko maigidansa a baya, bakinsa a rufe. A nan zai koyi cewa ba a tunkarar nama ta inda iska za ta kai masa warin mutum, har ya saba da ɗibar ƙura yana saki don ya ga inda take kaɗawa. Zai koyi bambanta kashin gada da na akuya. Zai ga yadda ake ɗaura kan burtu a goshi, a yi rarrafe cikin ciyawa ana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har barewa ta saki jiki. Sai ya yi shekaru kafin a nuna masa yadda ake dafa dafin kibiya da kwankwani, kuma ba a nuna wa mutum dafi sai an tabbata da hankalinsa, sai kuma an haɗa masa da makarinsa. Wanda aka gani da zafin kai ko son faɗa, ko ɗan cikin gida ne, akwai abin da ba za a taɓa gaya masa ba.

Makaman da kansu suna horar da mai riƙe da su, kuma a nan nake ganin mutane ba su lura ba. Mai baka dole ya matsa kusa, kusa ƙwarai, har ya ga idon abin da zai harba. Mai adaka harbi ɗaya gare shi. Kafin ya sake ɗura albarushi ya danna, abin da zai faru ya faru, shi ya sa ake mata laƙabi da harba-ka-ruga. Dukansu biyu ba su da damar harbi kan zato. Wanda ya shekara ashirin a kan wannan ƙa'ida, haƙuri ya zama jikinsa, ba ya sakin kunama sai ya tabbata da abin da ke gabansa. Saurayin da aka ɗauka jiya, aka yi masa horon 'yan makonni, aka ba shi bindiga mai cin harsashi da yawa, bai bi ta wannan makaranta ba. Idan ciyawa ta motsa zai harba, daga baya a duba ko wane ne. Koke-koken da ake ji daga rugage da ƙauyuka kan 'yan sa-kai, na kisan wanda bai ji ba bai gani ba, wani ɓangarensu daga nan yake.

Akwai kuma zumunci, wanda shi ne ya riƙe sana'ar tsawon zamani. Idan an gama girbi, rani ya shiga, sai a sa ranar farauta. Makaɗi ya zaga, a busa ƙaho, garuruwa su haɗu a bakin daji da karnuka da gora da gatari. Kiɗan maza irin wanda aka san Kassu Zurmi da shi a nan yake da gida. Mai baka yana tsokanar mai bindiga da cewa ƙararsa ta kore nama, mai bindiga yana ce masa kafin dafinsa ya ci dabbar ta kai wata ƙasa, da dare kuma su zauna a bakin wuta ɗaya. Baƙon maharbi ba ya faɗawa dajin wani gari sai ya sauka wurin Sarkin Baka, ya gabatar da kansa, a ba shi masauki, a gaya masa inda ake shiga da inda ba a shiga. Idan wani ya ɓata ba a komawa gida sai an nemo shi. Idan an yi babban kamu akwai rabon mai gari, akwai na dattijon da ƙafarsa ta daina zuwa daji. Ba na cewa babu rigima. Ƙwace tsohon abu ne a farauta, 'yan tauri sun sha fin ƙarfin mai rauni su karɓe abin da karensa ya kama, an sha zubar da jini a kan zomo. Amma akwai babba a wurin wanda idan ya ɗaga hannu ake tsayawa, kuma wanda ya ƙi ji ya san ba zai sake samun abokin shiga daji ba.

Wannan tsari ya girmi sarautun da muke gani. Tarihin Kano ya kawo Barbushe na Dutsen Dala a matsayin maharbin da ke kashe giwa da sandarsa, kuma garuruwa da dama a ƙasar Hausa suna danganta kafuwarsu ga wani maharbi da ya yada zango a gindin bishiya. A Massalata, kusa da Birnin Ƙonni a Nijar, har yanzu ana buɗin daji. Ko mutum bai yarda da abin da ake yi a wurin ba, ya ga hikimar da ke ƙarƙashinsa: daji yana da lokacin rufewa da lokacin buɗewa. Da damina ana gona, namun dawa suna haihuwa, ba a damunsu. Masu ƙyamar farauta saboda tsafin da ya cakuɗa da ita suna da hujjarsu, amma a bar tsafin a riƙe sanin. Risalar da ake karantawa a zaurukanmu tana da babin da ya yi bayanin farauta da sharuɗɗanta.

Dubi abin da ake kira farauta yanzu a gefen manyan birane. Motoci cike da samari da karnuka, wasu a buge da ƙwaya, ba Sarkin Baka ba dattijo. Su isa dajin mutane ba sallama, su cinna wuta don gafiya da zomo, wutar ta cinye karan da makiyayi ke dogaro da shi, wani lokaci har da amfanin da ba a kwashe ba. Faɗan da aka fara a daji a dawo da shi unguwa ya zama daba. Mutumin ƙauye da ya ga haka sau biyu, ba zai ƙara bambanta su da maharbin gaske ba.

Dajin ma ya ƙare. Noma da saran itace da gawayi sun cinye kurmi, harbin ba-ji-ba-gani ya cinye abin da ya rage. Giwa da ɓauna da gwanki sai a wurare irin Yankari, wanda aka keɓe tun 1956. Rugu da Kamuku da Kuyambana da Falgore, da a da ake ambatonsu da namun dawa, yau da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane aka fi saninsu. Shi ya sa maharbin Kano ke ɗaukar karnukansa ya yi tafiyar kwana da kwanaki zuwa kurmin Kudu. A watan Maris na 2025 aka tare wasu a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa gida yin Sallah, aka ga bindigogin gargajiya a motarsu, aka kashe mutum 16. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, babu wani uzuri. Sai dai abin ya nuna irin halin da maharbi ya shiga: dajin gidansa babu nama, a dajin wasu kuma babu Sarkin Bakan da zai sauka a wurinsa ya tsaya masa, ga shi ƙasar ta cika da masu bindiga a daji har an daina tambaya kafin a yanke hukunci.

Ra'ayina shi ne a raba abu biyu da aka cakuɗa. Wanda aka ɗauka aikin tsaro a kira shi da sunan aikinsa, a horar da shi, a sa shi ƙarƙashin doka, a biya shi. Shaidar zama maharbi kuwa kada ta fito daga ofishin da ake sayen fom. Ta bi ta hannun Sarkin Baka da dattawan da suka san wa ya koya a wurin wa, waɗanda za su iya cewa wannan namu ne, wancan ba mu san shi ba. Lasisin adaka da doka ta ɗora wa kwamishinan 'yan sanda bayarwa a haɗa shi da wannan shaida, kuma shugabannin maharban Arewa su ƙulla sanayya da takwarorinsu na Kudu, domin Yarbawa da mutanen Edo su ma suna da tsofaffin ƙungiyoyin maharba masu dokoki irin namu. Mai tafiya ya san wurin wanda zai sauka tun kafin ya bar gida.

Abu mafi wuya shi ne maharba su yarda cewa idan ba nama babu sana'a. A yankin Kure na Nijar raƙuman dawa sun ragu zuwa kusan 50 a 1996. Da aka daina kashe su, mutanen ƙauyukan suka zama masu kula da su da yi wa baƙi jagora, sai raƙuman suka haura 600. Dabba tana dawowa idan an ɗaga mata ƙafa. Babu kuwa wanda ya fi tsohon maharbi dacewa da gadin gandun daji, don shi ya san hanyar da mai satar harbi zai bi, shi ya san lokacin da barewa ke da ciki. Irin waɗannan dattawa su ne ake turawa gaba-gaba a yaƙin da ba nasu ba, kuma duk wanda ya faɗi ya tafi da abin da bai gama koya wa kowa ba. Gwamnonin da ke raba babura da kaki su ware wani abu daga cikin kuɗin, a ɗauki waɗannan mutane aikin kula da Falgore da Yankari da sauran gandayen da suka rage, kowane dattijo a haɗa shi da samari biyu ko uku da za su riƙa ɗaukar masa burgami.