Hoton tsuntsu: sa'a ko haƙuri?

Duk wanda ya ga hoton shaho a daidai lokacin da ya suri tsako, abin da yakan fara cewa shi ne: mai hoton ya taki sa'a. Wannan hukunci yana tauye haƙƙin mai aikin, domin sa'ar da ake magana ba ta samun mutum sai a wurin da ya daɗe yana jiranta.

Mu dubi magabatan wannan sana'a. Ƴan'uwa biyu na ƙasar Ingila, Richard da Cherry Kearton, sun fitar da littafi kan sheƙunan tsuntsaye a 1895, dukkansa da hotuna. Daga baya suka sa aka yi musu sa na ƙarya da fatar sa ta gaske, mutum ya shige ciki da na'urarsa ya yi ta zama. Maharbin ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe ya san wannan dabara: sai ka naƙalci halin tsuntsu kafin ya yarda ka matso.

Haƙurin ma yana da tsada. A 1937, a yankin Wales, wata mujiya ta kai wa Eric Hosking sura kusa da sheƙarta, ya rasa idonsa na hagu. Da ya fito daga asibiti ya koma wurin ya ci gaba da aiki. Ana yawan ba da labarin don yabon ƙwazonsa, amma ba a cika faɗin cewa mujiyar ƴaƴanta take karewa ba.

A nan ne, a ganina, ya kamata mai sharhi ya kafa ma'auninsa. Na'urar yau tana ɗaukar hoto 20 cikin daƙiƙa guda, saboda haka kama fiffike a buɗe ya daina zama abin mamaki. Abin dubawa shi ne halin da tsuntsun yake ciki. In ya miƙe wuya, ido a zare, to an firgita shi ne, kuma wataƙila ƙwansa na can rana tana dukansa. In kuwa shamuwa ce a kan sheƙarta farkon damina, tana gyaran gashinta ba ta san da kowa ba, mai hoton ya yi zaman da ya kamata, kuma ya tsaya inda ya kamata. Irin wannan hoton ne ya cancanci a rataya shi a bango.