Jinjina ga Likitocin da Suka Zauna

Shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Bayan duk wannan, likitan Najeriya yakan ji Ingila da Saudiyya suna kiransa da albashi mai tsoka. Ban ga laifin wanda ya tafi ba, kowa ya san nauyin da ke wuyansa. Amma jinjinata ta waɗanda suka zauna ce, a Asibitin Murtala na Kano, da asibitin Shika, da asibitocin karkara inda likita ɗaya ke duba mai naƙuda, da yaro mai zazzaɓin cizon sauro, da wanda mota ta kaɗe.

Abin da ba a cika gani ba shi ne lissafin da suke yi kullum. Likita ya kwana a bakin aiki, gari ya waye ana suna a gidan ƙaninsa: ya je ne ko ya rintsa? Ya wuce asibitin kuɗi da yamma saboda kuɗin makarantar yara, ko ya koma gida yaran su gan shi kafin barci? Likita mace kuwa, nata ya ninka. Ko a wurin biki sai an miƙo mata takardar gwaji.

Waɗanda suka fi burge ni su ne masu iya cewa yau hutawa za su yi, domin gajiyayyen likita ne ke kuskuren rubuta magani. Mai karatu, in larurar ba ta gaggawa ba ce, ka bar wayar likitan danginku ta huta da daddare.