Tocila a Goshi Ba Farauta Ba Ce

Yau da samarinmu na Shanga nake, masu ɗaura tocila a goshi. Hotunan da kuke sakawa a Facebook sun kai ni bango. Mutum ya hau babur da tsakar dare, ya dallare idon gada da haske, ta tsaya cak ta rasa gabas ta rasa yamma, ya ɗirka mata harsashi daga taku goma. Gari na wayewa ya ɗora mata ƙafa ana ɗaukarsa hoto, har da kirari. Kirarin me, ƙanena? Dabbar da haske ya makantar ai ko yaron da bai fara azumi ba zai kayar da ita.

Duk wanda ya tashi a yankin nan, daga Dugu Tsoho zuwa Yarbesse, ya san yadda iyayenmu ke yi. Sai an kawar da amfanin gona, Sarkin Baka ya sa rana, sannan a fita. Maharbi na gaske yakan durƙusa kan sawu, ya murtsuke kashin dabba da yatsa ya san ko da asuba ta wuce ko tun jiya, ya watsa ƙura sama ya ga inda iska ta nufa kafin ya matsa. In ya ga mai ciki sai ya sauke baka. Ita tocila fa? Ido biyu kawai take nunawa suna ƙyalli a duhu. Ba ka san mazo ba ne ko mai shayarwa, sai bayan ta faɗi. Ka kashe uwa, ɗanta ya mutu a kwance cikin ciyawa, kai kuma kana ganin ɗaya ka kashe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wuta. Saboda gafiya da zomo a cinna wa daji guda wuta a tsakiyar rani, ta cinye abincin shanu, ta babbake 'ya'yan kaɗanya da ɗorawa da ko ƙugu ba su kai ba. Abin da wuta ta rage, masu gawayi su ƙarasa. Sannan a zauna ana cewa wai namun daji sun gudu. Su gudu ina? Tun 1968 da aka gama madatsar Kainji ruwa ya shanye fadamu masu yawa a gaɓar Neja, gonaki kuma kullum ƙara cin daji suke. Gandun Kainji, ɓangaren Borgu da na Zugurma, inda maraya da gwanki suka samu mafaka, shi ma yau ɓarayin daji sun addabe shi.

Na san nama ya yi tsada, na kuma san mafarauta da yawa sun tsaya wa ƙauyukanmu a sha'anin tsaro, Allah ya saka musu. Wannan bai mayar da tocila farauta ba.

A Amurka barewarsu ta kusa ƙarewa a farkon ƙarnin da ya wuce. Suka ƙayyade watannin farauta da adadin da mutum zai kashe, a 1937 kuma suka yi dokar da ke kai harajin bindiga da harsashi wajen kula da daji. Yanzu barewar ta kai miliyoyi. Mu da muka gaji wannan tsari a hannun Sarkin Baka, mu ne muka yar da shi.

Roƙona ga masarautar Yauri da hakimanmu: a tara sarakunan baka, a hana fita da tocila, a hana harbi daga faɗuwar ruwa har zuwa kaka, a ci tarar mai ƙona daji, kowane gari kuma ya bar kurmin bakin rafinsa ba noma ba sara. Ku kuma samari, akwai tsofaffin maharba da ransu a garuruwanmu. Ku ajiye babur, ku bi su da rana, ku koyi karanta sawu.